Me ya sa zakaran filin ciyawa kan kasa a filin turɓaya?

Tambaya: Malam, na ga dokin nan City of Troy ya lashe gasar Dabi ta Ingila a 2024, amma da aka kai shi Amurka sai ya zo na takwas. Shin sauya fili ne ya jawo haka?

Amsa: Sauyin fili yana da hannu sosai, domin sukuwa a ciyawa da sukuwa a turɓaya sana'o'i biyu ne, ko da doki ɗaya ne yake yin su. A filin ciyawa, irin na Ingila da Faransa, mahaya kan riƙe linzami su tafi a hankali, sai an doso ƙarshe a saki doki ya zuba gudunsa. A turɓayar Amurka kuwa tun daga buɗe ƙofar tashi ake fita da ƙarfi, wanda ya fi jure gajiya shi ke kai labari. Haka kuma ciyawa tana riƙe kofato, turɓaya kuwa tana zamewa a ƙarƙashinsa, don haka dole doki ya ƙara ƙarfi a kowane taku.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne yashin da dawakan gaba ke watsowa. Dokin da bai saba ba, da zarar yashi ya fara dukan fuskarsa yana shiga hanci da ido, sai ka ga ya ɗaga kai yana kauce wa linzami, numfashinsa ya rikice, takunsa ya gajarce. City of Troy bai fita da wuri ba a filin Del Mar na Amurka, ya makale a baya yana shan yashi, alhali ubansa Justify a turɓaya ya lashe manyan gasa uku na Amurka a 2018, kuma mai horar da shi, Aidan O'Brien, ya gwada shi da irin ƙofar tashi ta Amurka kafin tafiya.

Akwai dawakan da suka yi nasara a filayen biyu. Mishriff ya ci Dabin Faransa a ciyawa a 2020, ya ci Kofin Saudiyya a turɓayar Riyad a 2021, sannan bayan wata ɗaya ya koma ciyawa ya yi nasara a Dubai. Tun kafin nan Secretariat, dokin Amurka da ya yi suna a turɓaya, ya rufe sukuwarsa a 1973 da nasara biyu a ciyawa.

Shawarata ga mai son sauya wa dokinsa fili ita ce kada ya yi gaggawa. A ɗauki makonni ana atisaye a sabon filin, a sa dokin a bayan wasu dawakai biyu ko uku domin ya saba da yashi, a kira maƙeri ya duba ƙarfen kofato, kuma a riƙa shafa jijiyoyin ƙafafunsa kowace safiya ana neman zafi ko kumburi. Idan an ji zafi, a dakatar da atisaye a kira likitan dabbobi.