Za a iya zuƙe muryoyin tsohon fiyano a zuba su a kwamfuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin situdiyo a Agege, muna yin waƙoƙin biki da na bege. Fiyanon da nake aiki da shi Roland XP-50 ne, maigidana da ya koya mini kiɗa ne ya bar mini shi da zai koma gida. A bankin User akwai muryoyin da ya gyara da hannunsa, sarewa da algaita da wani bes, kuma saboda su mawaƙa ke zuwa wurina. Yanzu na koma aiki da FL Studio, manhajar haɗa waƙa a kwamfuta. Na sayi wayar MIDI mai USB na haɗa, kwamfuta tana ganin abin da nake kaɗawa, amma in na fitar da waƙa sai a ji wurin fiyanon shiru. Ga shi kwanan nan in na kunna yana rubuta cewa batir ya yi ƙasa. Wani mai gyara ya ce in kawo ya canja batir, ya zuƙe muryoyin gaba ɗaya ya zuba mini a filashi in riƙa buɗe su a kwamfuta, ya ƙara mini wasu dubbai, fiyanon ma in ina so ya samo mini mai saye. Wallahi hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi kada in rasa muryoyin nan?

Daga wani mai karatu, Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Hankalinka da bai kwanta ba shi ne ya cece ka. Kada ka kai fiyanon nan ko'ina, kada wani ya kwance masa ko noti ɗaya, sai ka adana bankin User tukuna. Muryoyin da kamfani ya zuba, wato PR-A da PR-B da PR-C da GM, suna cikin ƙwaƙwalwar dindindin, ko batir ya mutu suna nan. Na maigidanka kuwa, guda 128 ɗin da ke User, wannan ɗan batirin mai kama da kwabo ne ke riƙe da su duk lokacin da fiyano yake kashe. Ranar da ya ƙare, ko ranar da aka zare shi ba tare da an adana ba, sun tafi, kuma babu injiniyan da zai dawo da su.

Maganar zuƙe muryoyi kuma, ita ce zan daɗe a kanta, don kusan kullum sai wani ya zo mini da ita, galibi bayan aikin gama ya gama.

Babu wata hanya da za a bi ta wayar MIDI a kwaso sautin wannan fiyano.  Wayar nan gudunta bit 31,250 ne a daƙiƙa, wato kimanin bait 3,000. Sauti mai ingancin faifan CD yana cin bait 176,400 a daƙiƙa guda, ya ninka abin da wayar za ta iya ɗauka fiye da sau hamsin. Abin da ke bi ta cikinta umarni ne kawai: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an saki. Shi ya sa waƙarka ke fita shiru a wurin fiyano. FL Studio ya rubuta umarnin, amma sautin yana can yana fita ta bayan fiyano, bai taɓa shiga kwamfutar ba.

To me mai gyaran zai zuba maka a filashi? In ma ya iya aikin, abin da zai kwaso fayil ne na SysEx, wato bayanan saitin na'urar da ake turawa ta MIDI, mai ƙarewa da .syx. Ka duba girmansa, bankin User gaba ɗaya bai kai nauyin hoto guda na waya ba. Ta yaya algaita da sarewa da ganguna 128 za su shiga nan? Ba za su shiga ba. XP-50, wanda ya fito a 1995 da inji iri ɗaya da na na'urar Roland JV-1080 ta 1994, yana gina kowace murya ne daga sassa har huɗu da ake kira Tone. Kowane Tone yana nuna wani ɗanyen sauti da ke cikin ƙwaƙwalwar dindindin mai megabait 8, sannan a faɗa masa yadda za a tace shi, yadda zai taso, yadda zai mutu, da irin amon da za a ɗora masa. Waɗannan lambobi su ne aikin maigidanka, su ne kuma ke cikin fayil. Kamar awon tela ne a takarda: awon naka ne, yana da daraja, amma yadin yana cikin fiyano. Ka miƙa wa FL Studio wannan fayil ka ce ya yi maka algaita, ba shi da abin da zai ɗinka da shi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu faɗin wannan magana ba su taɓa buɗe littafin na'urar ba. Sun saba da waya, inda ake kwafe hotuna da waƙoƙi daga wannan a zuba a waccan, sai suka ɗauka kowace na'ura haka take. Yaro ya ji an ce an kwashe masa komai a filashi, ya sayar da fiyano a arha, ya koma situdiyo ya tarar da fayil ɗin da babu manhajar da za ta kaɗa masa shi. Kafin ya dawo fiyanon ya wuce hannu biyu, yana wani coci a Ikorodu ko Badagry. Wa zai kama?

Alkawarin ƙarin muryoyi dubbai ma ya fi wannan haɗari. Gurabe 128 ne a User, ba a ƙara su. Duk bankin da aka sauko da shi daga intanet aka tura wa fiyano, a kan na maigidanka zai sauka ya shafe su, cikin ƙasa da minti guda, ba tare da an tambaye ka ko ka amince ba. Kuma wasu daga cikin waɗancan bankuna an yi su ne da allunan ƙari na SR-JV80, irin su World da Orchestral da Vintage Synth. In babu allon a cikin naka, muryar za ta fito shiru ko ta fito a gurguje. Ka ga garin gyaran gira an rasa ido. Akwai kuma masu danna Factory Preset da zarar sun karɓi na'ura, wai suna wanke ta. Wanda ya yi maka haka ya shafe shekarun aikin wani, kuma zai miƙo hannu ka biya shi kuɗin aiki.

Kada a ce na ce babu tsohon fiyanon da bankinsa ke buɗuwa a kwamfuta. Akwai, kuma dalilin da ya sa yake buɗuwa shi ne ke tabbatar da maganata. Yamaha DX7 na 1983 ba ya amfani da sautin da aka naɗa, lissafi yake yi ya ƙera sauti nan take. Saboda haka manhajar Dexed, wadda kyauta ce, tana karɓar bankinsa mai muryoyi 32, bait 4,104 kacal, ta kaɗa su, domin an sake gina injin lissafin a cikinta. Korg ma da suka mayar da M1 na 1988 manhaja, sai da suka zuba ainihin ɗanyen sautin na'urar a ciki. Roland suna da JV-1080 na manhaja a Roland Cloud, za ka sami muryoyin kamfani da ka saba da su. Amma waccan manhaja ce ta musamman da ake biya, ba filashin mai gyara ba, kuma ko ita ba na yarda mutum ya rabu da na'urarsa sai ya jera su biyun ya saurari muryoyinsa da kunnensa ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ga abin da za ka yi, yau in da hali. XP-50 yana da gidan filofi. In yana aiki, ka fara adanawa a nan, a kan filofi biyu. Sai dai damshin Legas yana sa su fumfuna, don haka kada ka tsaya a kansu. Ka sauko da MIDI-OX in Windows gare ka, ko SysEx Librarian in Mac ne, duka kyauta. MIDI OUT na fiyano zai tafi IN na kwamfuta. Ka sa manhajar ta zauna tana jiran karɓa, ka shiga Utility a fiyano, wurin tura bayanai zuwa MIDI, ka tura duk abin da ke User: Patch (muryoyi ɗai-ɗai) da Performance (haɗin muryoyi) da Rhythm (ganguna). Mutane suna manta biyun ƙarshe, sai daga baya su tarar gangunansu sun tafi. Ka yi turawar sau biyu, ka duba yawan bait ɗin kowanne. In ba su zo daidai ba, wayarka tana zubar da bayanai a hanya.

Wannan kuwa ya zama ruwan dare da wayoyin nan masu arha marasa suna. Suna wuce da kiɗa lafiya lau, amma da an zo dogon saƙon SysEx sai su yanke shi, ka adana fayil mai rami ba ka sani ba. Gara ka yi amfani da ramin MIDI na sawunkad ɗinka in yana da shi, ko ka nemi waya ta kamfani sananne a kasuwar Alaba ko Computer Village. Wajen gwaji kuma kada ka mayar da bankin gaba ɗaya a kan na asali. Ka zaɓi murya ɗaya da ba ka damu da ita ba, ka adana ta ita kaɗai, ka ɓata ta a fiyano, ka mayar, ka ji ko ta dawo. In fiyano ya rubuta kuskuren Checksum ko ya ce ma'ajiyarsa ta cika, ka ƙara tazara tsakanin saƙonni a manhajar. Kuma kada ka yi wannan aiki da wutar da za a iya ɗaukewa a tsakiya, ka sa UPS ko ka tayar da janareta. Bayan nan ne za a canja batir, kana tsaye a wurin. Da an gama, ka kunna Protect, makullin da ke hana rubutu a kan User, ka bar shi a kunne.

Haɗawa da FL Studio ba ta da wuya da zarar ka yarda hanya biyu ce. MIDI zai tafi ya dawo ta wayarsa, sauti kuma zai fito daga OUTPUT na fiyano ya shiga sawunkad ta wayoyin jak guda biyu, hagu da dama. A FL Studio ka buɗe MIDI Out, lambar Port ɗinsa ta zo daidai da wadda ka ba wayar a saitin MIDI. Ka kashe Local a fiyano, wato saitin da ke sa maɓallansa su kaɗa muryarsa kai tsaye, in ba haka ba kowace dannawa za ta fito sau biyu, muryar ta yi wani siriri kamar ta cikin bututu, kuma ka cinye rabin sautuka 64 da yake iya fitarwa lokaci guda.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne kiran banki. Program Change, saƙon da ke zaɓar murya, iyakarsa 128, don haka sai an gabatar masa da saƙo biyu, CC 0 da CC 32, sannan shi ya biyo baya, a wannan jerin. A XP-50 da JV-1080, User shi ne 80 a CC 0 da 0 a CC 32. PR-A 81 da 0, PR-B 81 da 1, PR-C 81 da 2. Allunan ƙari suna farawa daga 84. Waɗannan na wannan gidan ne kawai, Yamaha Motif alal misali da 63 yake kiran nasa, saboda haka kada ka ari lambar maƙwabci. In ka kira murya ta 25 ta 26 ta fito, ba lalacewa ba ce, wani yana ƙirga daga 0 wani daga 1, sai ka rage ɗaya. Masu Cakewalk suna da fayil ɗin .ins, masu Reaper suna da .reabank, da ke nuna sunayen muryoyi maimakon lamba, amma na User ɗinka kai za ka rubuta su da hannu, don babu wanda ya san abin da maigidanka ya sa a ciki.

In kana son muryoyi da yawa lokaci guda ka shiga Performance, sassa 16, na goma na ganguna. Sai dai ka sani EFX, wato injin da ke ƙawata murya, ɗaya ne tak a na'urar, ban da chorus da reverb. Algaitar da ta cika kunne a Patch za ta iya fitowa a bushe a Performance domin wata muryar ta riƙe EFX ɗin. Ni shawarata kullum ita ce a naɗi muhimman muryoyi ɗaya bayan ɗaya a Patch. Ya fi cin lokaci, amma nan ne sautin da mawaƙa ke biyo ka dominsa yake. Bayan naɗi ka duba ko sautin ya ɗan makara a kan bugun, ka ja shi ya hau daidai. In ka ji gunji a ƙasa, ka sa fiyano da kwamfuta da sawunkad a soket ɗaya, in bai tafi ba ka sa akwatin DI, wanda ake amfani da shi wajen cire irin wannan gunji. Tunda yawancin kayan nan tokunbo ne, ka leƙa bayansa: in an rubuta 117V na Amurka ne, wutarmu 230V ce, kada yaron shago ya taɓa haɗa shi ba tare da taransifoma ba.

Hanya ɗaya ta gaskiya da sautin kansa zai zauna a kwamfuta ita ce ka naɗe shi maɓalli bayan maɓalli. Ka ɗauki algaitar, ka naɗi kowane maɓalli na uku, da taushi da matsakaici da ƙarfi, ka jera su a manhajar kaɗa naɗaɗɗen sauti, DirectWave ko Kontakt. Masu manhajojin Logic da MainStage suna da Auto Sampler da ke yin wannan da kansa. Zai fishe ka ranar da ka fita aiki ba fiyano, kuma ya dace ka yi wa muryoyi biyar ko shida da suka fi kawo maka kasuwa. Amma lanƙwasar da sarewa ke yi in ka ja sandar gefe, da yadda muryar ke buɗewa gwargwadon nauyin yatsa, ba duka za su biyo ba, kuma ba za ka iya komawa cikin Tone ka gyara ba. Kowace waƙa ka gama, ka ajiye abu uku a jakarta: MIDI ɗin, sautin da ka naɗa, da kwafin .syx na wannan ranar. Kwafi ɗaya na bankin kuma ka tura wa kanka ta imel, ɗaya ka aika wa maigidanka.