Tocilar da ke hango nesa: amsoshin wasiƙunku kan lambobin ƙarya, batirin jabu da gyara

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan tocila. Amfanin gona ya nuna, masu kwana a gona sun yawaita, hazo kuma ya fara leƙowa. Ga shida daga ciki.

Tambaya: Ina kwana a gonar shinkafata, tsawonta ya kai mita 300. Na sayi tocila Naira 12,000, a kwalinta an rubuta lumen 100,000, amma ko rabin gonar ba ta nuna mini. Wacce zan saya? (Manomi, Kura)

Amsa: Malam, yawan haske daban, nisan jifansa daban, kowanne da ma'auninsa. Lumen shi ne jimillar hasken da ke fita daga tocila ta ko'ina. Kandela ita ce ƙarfinsa a tsakiyar inda ka haska. Ka san ban-ruwa: ruwan da ke cikin tiyo ɗaya ne, amma in ka matse bakin tiyon sai ya yi tsalle ya kai nesa. To kai matsewar kake nema, wato kandela.

Kamfanonin kirki suna bin ma'aunin FL1 da aka fitar a Amurka a 2009. A lissafinsa, kandela 10,000 tana kai mita 200, 40,000 mita 400, 90,000 mita 600, 250,000 kuma kilomita ɗaya. Ka lura, sai ka ninka kandela sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu. Sannan nisan da suke rubutawa shi ne inda hasken ya raunana ya koma kamar farin watan daren sha huɗu, kuma da irin wannan haske ba ka bambance mutum da kututture daga nesa. Duk abin da ka gani a kwali ka raba shi biyu, in da hazo ka raba uku. Gonarka tana buƙatar wadda aka rubuta wa mita 600 zuwa 900.

Abu biyu ke kawo nisa: ƙwan LED ƙarami mai shafaffen kai, da kwano mai faɗi da zurfi, wato mazurarin nan mai sheƙi da ke bayan gilashi. Kwanon ya zama mai sulɓi kamar madubi, domin mai gurji-gurji kamar ɓawon lemo baza haske yake yi. Faɗin kan tocilar kada ya gaza milimita 40. Convoy C8+ mai ƙwan SFT40 ta cika waɗannan sharuɗɗa, kuma kayan gyaranta ba su da wuyar samu. Ka guji mai jan kai gaba da baya. Idan ka zuƙe ta, wajen rabin hasken a cikin wuyanta yake maƙalewa, ƙura da ruwa kuma ta nan suke shiga.

Wancan lumen 100,000 kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Ƙwai mai kyau, in ana tura masa wuta sosai, lumen kamar 100 yake bayarwa a kowane wat. Ke nan tocilarka za ta ci wat 1,000, abin da dutsen guga na lantarki ke ci, kuma batir ɗaya ko minti guda ba zai yi ba. Ainihin ƙwan Cree XM-L T6 da suke yawan rubuta sunansa iyakarsa wajen lumen 1,000 ne, galibin na cikin tocilolin araha kuma kwaikwayo ne da ba sa kai rabin haka.

Tambaya: Batirina an rubuta masa 9900mAh, amma minti 20 hasken ya fara dushewa. Cajar ce ta lalace? (Mai gadi, Zariya)

Amsa: Cajarka lafiya lau, Malam. Batirin ne jabu, kuma a nan zan daɗe, domin kusan kowane mako sai wannan wasiƙa ta zo da wani suna. Batirin 18650 (faɗi milimita 18, tsawo 65) na gaskiya yana tsayawa ne a wajen 3,500mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka). Manyan masu ƙera shi su ne Samsung, LG, Panasonic, Murata da Molicel, kuma cikinsu babu mai rubuta 6800 ko 9900. Babban yayansa, 21700, shi ke kai wajen 5,000mAh. Da ka ga lamba ta wuce nan da nisa ka ajiye masa kayansa, ba sai an yi ciniki ba.

Ka ɗora shi a ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinare. 18650 na gaskiya yana yin giram 44 zuwa 48. Wanda bai kai 40 ba, akwai abin da babu a cikinsa. An sha fasa irinsu a tarar da ɗan ƙaramin batir da ciko. Ka duba gindinsa ma. In ka ga ƙananan tabon walda ko alamar an goge da fayil, daga tsohon batirin kwamfuta aka ɓalle shi aka sa masa sabuwar riga. Gwaji na uku ba ya cin ko sisi: ka cika shi, mita ta nuna bolt 4.2, ka ajiye shi mako guda. In ya sauko ƙasa da 4.0 ba tare da an taɓa shi ba, ya gama yayi. Akwai caja irin LiitoKala Lii-500 da ke zuƙe batir ta faɗi ainihin abin da ya ɗauka. Ƙungiyar masu gadi ko 'yan sintiri ta haɗa kuɗi ta sayi guda ɗaya, ta ishi kowa.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda mutum zai ƙirga kuɗi masu kauri ya sayi tocila, in an zo kan batir sai ya ce a ba shi mai sauƙi. Araha ba ta ado. Za ka sayi jabun sau huɗu a shekara, kuɗin ya zarce na ainihin guda biyu, kuma ranar da ka fi buƙatar haske ranar zai bar ka a duhu. Wannan ma asarar kuɗi ce kawai. Batirin lithiyom yana kamawa da wuta, kuma wutarsa ba ta jiran a ɗebo ruwa. Duk jikin ƙarfensa ɓangaren negatif ne, 'yar rigar ledar nan ce kaɗai ta raba shi da kan fositif. In rigar ta yage kusa da kai, kada ya sake shiga tocila sai an sake masa wata. Kada a jefa shi aljihu tare da makulli ko kwabbai. Kada a bar shi cikin mota a ranar Afrilu. Kada a bar shi a caji a tafi masallaci ko a kwanta barci, balle a kan katifa. Wanda mita ta nuna ya faɗi ƙasa da bolt 2.5, ko wanda ke zafi a caji har hannu ba ya jurewa, a rabu da shi. Tocila mai cin batir biyu kuwa, a sa mata iri ɗaya, sayen rana ɗaya, a riƙa caja su tare. Haɗa tsoho da sabo shi ke sa sabon ya tilasta wa tsohon har ya fashe.

In ka tashi saye, Samsung 35E ko Sanyo NCR18650GA sun dace da tocilar da ba ta jan fiye da amfiya 8 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ake ja ne). Mai jan wuta sosai tana son Samsung 30Q. Su ma ana yin jabunsu, don haka sikelin nan dai. Kuma ka san lissafinka: 3,500mAh a kan amfiya 3 awa ɗaya ne da 'yan mintuna. Mai gadin dare guda ya riƙa yawo da matsakaicin haske, ya ajiye mafi ƙarfin don leƙa abin da ya ji motsinsa.

Tambaya: In na jona tocilata da batirin babur, ai haskenta zai ninka ko? (Ɗan acaɓa, Gusau)

Amsa: A'a. Ƙwan tocilarka na bolt 3 ne, batirin babur bolt 12. Za ka ga walƙiya ɗaya, sai hayaƙi. Mai son hasken bolt 12 ya sayi fitilar da aka ƙera don haka. Kuma kada in sake jin ana ɗaure tocila mai nisan jifa a kan babur ana kashe wa masu tahowa ido a titi. Rai ake wasa da shi.

Tambaya: Ni mai gyaran waya ne, na iya dalma. Ina da tocila samfurin C8 mai araha, ina so in ƙara mata nisa. Ta ina zan fara? (Mai gyara, Maraɗi)

Amsa: Madalla, ɗan'uwa, hannunka ya riga ya saba da aikin. Fara da kwance kan ka duba abin da allon ƙwan ke zaune a kai. In shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne cikakke, ci gaba. In rami ne, allon yana rataye a bakin zobe kawai, ka bar ta yadda take, domin zafi ba shi da hanyar fita, duk ƙwan da ka sa zai ƙone.

C8 tana ɗaukar allon ƙwai na milimita 20 da direba na milimita 17, wato ɗan allon da ke daidaita wuta. Ka sayi ƙwan a manne da allon jan ƙarfe mai rubutun DTP, wanda ke kai zafi kai tsaye ba tare da shamaki ba. Zaɓi biyu ne. SFT40 yana ba da wajen lumen 2,000 a kan amfiya 8, da nisa da ɗan faɗi. Osram CSLNM1.TG ƙarami ne ƙwarai, milimita ɗaya faɗi ɗaya tsawo, haskensa bai kai lumen 1,000 ba amma ya fi nisa, siriri kamar sanda. Shi kada ka wuce amfiya 5. In ka haɗa shi da direban da ke sakin wutar batir kai tsaye, hasken zai koma shuɗi-shuɗi, alamar yana ƙonewa ke nan. Da zafin ƙasarmu, na fi son direba mai ƙananan na'urorin ƙayyade wuta masu lamba 7135 guda takwas. Kowanne milliamfiya 350, jimilla amfiya 2.8. SFT40 zai ba ka wajen lumen 1,000 a haka, tocilar ba za ta gagari riƙo ba.

Ka goge mazaunin, ka ɗiga man nan da ake shafa wa furosesar kwamfuta kamar ƙwayar dawa, ka danna allon ka murza har ya baje. In ya yi kauri, tare zafi zai yi. Jan ƙarfe yana shanye zafin ayan, don haka ka fara sa dalma a mazaunin wayoyin tun allon yana waje, ka yi aiki da ayan mai wat 60 da faffaɗan baki. Waya mai lamba 22 ta isa. Dalmar ta kwanta shafal, ka rufe ta da tef mai jure zafi. In ta yi tudu ta taɓa gindin kwanon alminiyom, wuta za ta haɗu da zarar ka ɗaure kan.

Inda aka fi faɗuwa shi ne zoben robar da ke tsayar da ƙwai a tsakiyar kwano. Kowane ƙwai da nasa. Ka haska bango daga mita 10: in tsakiyar hasken ta yi baƙi ko ta zama zobe, tsayin bai daidaita ba. Ka rage kaurin zoben da takardar yashi kaɗan-kaɗan, kamar kaurin takarda kowane karo, kana gwadawa. Cikin kwanon kuwa ko da auduga kada ka shafa, busawa kawai, shafinsa ba ya jure komai. Ƙara waya a cikin sifirin ba shi da amfani sai wuta ta wuce amfiya 5. Jiƙa ƙwai a fetur don cire masa ƙoƙon kai, wannan ka bari. Siraran wayoyinsa suna tsinkewa, launi ya koma kore-kore, ga shafaffe ana sayarwa.

Ka auna kafin aiki da bayansa. Manhajar auna haske ta waya, daga mita 10, bayan daƙiƙa 30 da kunnawa: abin da ta nuna, wato luks, ka ninka da 100 ka samu kandela. Luks 1,500 kandela 150,000 ke nan. Waya ba ta da daidaito sosai, amma za ta nuna maka ko gaba ka yi ko baya.

Tambaya: Cikin hazo tocilata sai ta yi mini farin bango a gaba. (Makiyayi, Damaturu)

Amsa: Ƙurar ce ke mayar maka da hasken. Ka nemi ƙwai mai lamba 4000K zuwa 5000K, mai ɗan rawaya. Fari fat mai 6500K ya fi damun ido a ƙura. Ka sauke tocilar daidai ƙugu, nesa da fuskarka, ka rage ƙarfi. Ta goshi ita ta fi muni a hazo.

Tambaya: Maigidana yana fita sintirin unguwa. Ba na iya barci sai ya dawo. Na tara kuɗin adashe ina so in saya masa tocila mafi ƙarfi a kasuwa. (Uwargida, Funtua)

Amsa: Allah ya tsare miki shi, Hajiya, ya dawo da shi lafiya kowane dare, ya saka miki da alheri. Kada ki zuba adashen duka a kan mafi ƙarfi. Matsakaiciya mai kandela 60,000 zuwa 100,000 ta ishi lungu da bayan gari, sauran kuɗin ki sayi batir biyu na gaskiya, caja mai kyau, da 'yar ƙaramar tocila ta biyu da zai sa a aljihu. Ki zaɓi mai makunni a gindi, wadda ke haskawa in an ɗan danna ta mutu in an saki, kuma wadda ba sai an bi ta kan ƙyaftawa ba kafin a kashe ta.

Ki gaya masa wannan daga gare ni: tocila tana nuna mai riƙe da ita daga nisan da ya fi wanda take nuna masa. Ya haska na daƙiƙa biyu ko uku, ya kashe, ya gusa daga wurin. Ya riƙe ta a gefe, nesa da ƙirjinsa. Kada ya haska fuskar jami'an tsaro a shinge. In ya ji hasken ya ragu da kansa bayan minti biyu ko uku a mafi ƙarfi, ba lalacewa ba ce, tocilar ce ke kare kanta daga zafi. Cajin kuwa ki karɓe shi a hannunki: da rana, a kan siminti, inda yara ba sa kaiwa, ki cire da zarar fitilar cajar ta nuna ya cika. Batirin ajiya ya tafi da shi cikin 'yar kwalarsa ta roba.