Hukuncin ƙoƙon jini na sihiri a cikin wasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Ingila, muna yin wasan Dungeons & Dragons da abokan karatu, inda kowa yake ɗaukar matsayin wani jarumi a cikin labari. Jarumina ya samu wani ƙoƙon tsafi da yake cika kansa da jini, idan ya sha sai raunukansa su warke. Shin na shiga zunubin sihiri ko na shan jini?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, jinin da Allah ya haramta a Suratul Baƙara aya ta 173 da Ma'ida aya ta 3, wanda Suratul An'am aya ta 145 ta fayyace da cewa jini ne mai kwarara, shi ne wanda ya shiga maƙogwaronka. Naka kuwa rubutu ne a takarda. Ba ka sha komai ba, tufarka ma ba ta najasta ba.

Haka sihiri. Yana cikin abubuwa bakwai masu halakarwa a hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, amma ana nufin koyonsa, da aikata shi, da zuwa wurin masu yinsa. Labarin da kowa a wurin ya san ƙirƙira ne bai kai nan ba, kamar yadda kaka mai tatsuniyar dodo ba ta zama matsafiya. Sai dai kada ka furta da bakinka kiran aljani ko wani abin bauta da sunan kwaikwayo, kada kuma a kawo surkullen bokaye na gaske cikin wasan. Idan abokanka suka kai can, tashi ka ba su wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ka tambaya ba. Wannan wasa, tun fitowarsa a Amurka a 1974, da jefa ƙwaya ake yinsa, irin ta ludo, har da mai fuska 20. Muslim ya ruwaito daga Buraida cewa wanda ya yi wasan nardashir (wato nardu, wani tsohon wasa da ake yi da jefa ƙwaya) kamar ya tsoma hannunsa ne a naman alade da jininsa. Imamu Malik ma ya kawo hadisin Abu Musa a Muwaɗɗa cewa mai wasan nardu ya saɓa wa Allah da Manzonsa. Jumhurun malamai sun haramta nardu ko babu kuɗi a ciki, wasu ƙalilan suka rataya hanin ga caca. Ko hukuncin ya shafi kowane wasa mai ƙwaya, ko nardu kaɗai, nan ma akwai saɓani. Ni dai na fi karkata ga barin ƙwayar, domin lafazin hadisin yana da nauyi.

Saboda haka ƙoƙon jinin bai haramta maka wasan ba. Ku nemi hanyar yin sa ba tare da ƙwaya ba, babu sa kuɗi, kuma kada zaman ya cinye maka salla, don na ji ana shafe awanni a kansa.

Wallahu a'alam.