Dunƙulen Furotin a Ƙwaƙwalwa: Amsoshin Likita Kan Karkarwa da Mantuwa

Tambaya daga Rigasa: Likita, mahaifina tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shekarunsa 68. Hannunsa na dama yana karkarwa idan yana zaune, tafiyarsa kuma ta koma jan ƙafa. A asibiti an ce cutar Parkinson ce, wai wani furotin ne ya dunƙule a ƙwaƙwalwarsa. Me ake nufi?

Allah ya ba Baba lafiya. Tunda ma'aikacin jirgi ne, da harshensa zan yi maka bayani, ka karanta masa.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da cibiya inda ake ƙera kaya, da dogayen rassa da suke kaiwa ga mahaɗarta da wasu ƙwayoyin. Tsakanin cibiya da mahaɗa akwai layin dogo na gaske, siraran bututu, da wasu furotin biyu, kinesin da dainin, masu jan kaya a kai: ɗaya ya kai, ɗaya ya komo. Cikin kayan akwai makarɓan saƙo, wato ƙananan ƙofofin da ake dasawa a fatar ƙwaya domin ta ji abin da maƙwabciyarta ta aiko. Ba a dasa su sau ɗaya a bar su. Kullum ana cire wasu, a gyara wasu a mayar, a narkar da waɗanda suka tsufa.

A cutar Baba, wani furotin mai suna alfa-sinukilin, wanda aikinsa kula da 'yan jakunkunan sinadarin saƙo a bakin mahaɗa, shi ne yake naɗewa ba daidai ba ya manne wa 'yan'uwansa. Friedrich Lewy ya ga wannan dunƙule a madubin bincike a 1912, amma sai a 1997 Maria Grazia Spillantini da abokan aikinta a Kambirij ta Ingila suka gano furotin da ya fi yawa a cikinsa. Idan ya taru, safara takan cushe kamar tarago ya goce a tsakiyar layi: kaya ba su isa ba, shara ba ta fita ba. Ƙwayoyin da suka fi jin jiki su ne masu samar da dofamin, sinadarin da ke sauƙaƙa motsi. Kafin karkarwa ta bayyana, da yawansu sun riga sun mutu.

Akwai abin da nake so ka riƙe. Wani bincike na 2004 kan cutar Huntington, wata cutar ƙwaƙwalwa da ake gada, ya nuna ƙwayoyin da suka tattara gurɓataccen furotin wuri guda sun fi daɗewa a raye. Shi ya sa masana da dama suke ganin ƙananan ɓurɓushin da ke yawo sun fi babban dunƙulen illa. Shi dunƙulen tamkar bola ne da ƙwayar ta tara shararta a kai. Baba ya lizimci maganinsa, ya riƙa tattaki kullum. Muhammad Ali ɗan dambe ya rayu da wannan cuta daga 1984 har 2016.

Tambaya daga Tudun Wada: Kakata tana mantuwa, kuma takan ce tana ganin yara a ɗakinta alhali babu kowa. Wata rana garau, wata rana ba ta gane mu. Maƙwabta sun fara tsegumin maita. Ina mafita?

'Yar'uwa, wannan tsegumi yana ƙona min rai, domin na ga tsofaffi da dama da aka wulaƙanta a kan ciwon da ba su suka ɗora wa kansu ba. Kakarki ba mayya ba ce.

Koyo da tunawa sun dogara ne ga yawan makarɓan saƙo a mahaɗa, musamman nau'in da ake kira AMPA: idan kin haddace abu, ƙwayar takan ƙara dasa su a wurin. A cutar Alzheimer, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, furotin amiloyid yana sa ƙwayar ta janye waɗannan makarɓa ta mayar da su ciki, sai mahaɗa ta kurumce. Shi kuma furotin tau, wanda ke riƙe bututun safara kamar katakon da ke ƙarƙashin layin dogo, sai ya saki ya cukurkuɗe a cikin ƙwayar.

Amma gane-ganen mutane da sauyin hankali daga rana zuwa rana sun fi kama da mantuwa mai dunƙulen Lewy, 'yar'uwar Parkinson. Bambancewar tana da muhimmanci ƙwarai, domin magungunan taɓin hankali irin su haloperidol suna iya sandarar da mai wannan cuta, har su jefa rayuwarsa cikin haɗari. Kada kowa ya sayo mata maganin kwantar da hankali a kemis. Ku kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko asibitin Barau Dikko, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya. A duba fitsari da jini ma, domin ko ciwon mafitsara ma yakan ruɗar da tsoho, kuma wannan yana warkewa.

Tambaya daga Kawo: Tunda furotin ne matsalar, in hana maigidana nama da wake?

A'a, Hajiya, kada ki hana shi. Naman da ya ci ciki yake narkar da shi. Furotin da ke dunƙulewa ƙwayar jijiyar ce take ƙera abinta. Hana shi sai dai ya rame. Inda abinci yake da hannu shi ne shan levodopa, maganin Parkinson: maganin da sinadaran nama ƙofa ɗaya suke bi a hanji, suna gogayya. Idan ya haɗiye ƙwayar maganin da ƙosai ko tsire, ƙarfinta yana iya raguwa. Ya sha kamar rabin awa kafin abinci, ko awa ɗaya bayansa. Kada ya dakatar da shi farat ɗaya, kuma kafin azumi ku je likitansa ya tsara lokutan sha.

Tambaya daga Kakuri: Hoton ƙwaƙwalwa yana nuna dunƙulen? Kuma gaskiya ne akwai jiƙon da ke wanke shi?

Hoton MRI ko CT ba ya nuna shi, ya yi ƙanƙanta sosai. Ana ɗaukar hoton ne don a tabbatar ba shanyewar jiki ko ƙari ko taruwar ruwa ba ne. Cutar kuwa likita yakan gane ta daga labarin mara lafiya da gwajin jikinsa. Jiƙo kuma, Malam, babu wanda aka tabbatar yana narkar da wannan dunƙule. Kuɗin da za ka ba mai lasifika a bakin kasuwa, ka ajiye su don maganin wata mai zuwa da kuɗin motar komawa asibiti.