Amsar murya: zaɓen makarantar gashin ƙashi ga mai son ɓangaren ƙashi da 'yan wasa

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da ka tambaya wace jami'a za ka cike in kana son zama likitan gashi mai kula da karaya, ciwon gaɓoɓi da 'yan ƙwallo, to saurara da kyau.

Digirin farko a Najeriya ba ya raba fanni. Kowa fisiyo, wato aikin gashi, gaba ɗaya yake karantawa: ƙashi, shanyewar ɓarin jiki, yara, ƙirji, mata masu ciki. Ƙwarewa a ƙashi da wasanni sai a digiri na biyu. Saboda haka abin da za ka nema yanzu shi ne makarantar da za ta kai ka ga samun lasisi, ta kuma sa hannunka a kan masu karaya da yawa.

Maganar lasisi tukuna. Amincewa biyu ce: ta NUC, hukumar kula da jami'o'i, da ta hukumar MRTB wadda dokar 1988 ta kafa, ita ke yi wa masu wannan aiki rajista. Jami'a na iya samun ta farko ba ta da ta biyu. Ka shiga shafin MRTB da kanka ka duba sunan makarantar, kar ka tsaya a kan abin da aka rubuta a allon talla. Sannan ka tambayi ɗaliban aji huɗu ko an shigar da sunayensu a rajistar hukumar. Inda ake samun matsala shi ne makaranta ta ɗebi ɗalibai fiye da adadin da aka yarje mata, a gama karatu, a zo rantsarwa, wasu su zauna jira. Ba rantsarwa, ba lasisin wucin gadi, ba shekarar horon asibiti. Kuma don Allah, kwas ɗin motsa jiki da kiwon lafiya da ake yi a tsangayar ilimi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samaru, kwas ne mai kyau amma ba ya ba ka lasisin duba majinyaci. Haka ma difloma. Yara da yawa suna ruɗewa a nan.

Tsawon karatu: tsohon tsari shekara 5 ne, sabon da ake kira DPT shekara 6. Bayansa horon asibiti shekara 1, sannan bautar ƙasa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, asibitin da makarantar ke kai ɗalibai. Asibitocin ƙashi na tarayya da suka daɗe su ne Igbobi a Legas, na Inugu, da na Dala a Kano. A nan kusa da mu, Jami'ar Bayero tana da asibitin Malam Aminu Kano ga kuma Dala a gari ɗaya, tafiyar kamar awa biyu daga Zariya. Jami'ar Maiduguri ma tana wannan kwas. A kudu, Ibadan ce ta fara digirin tun 1966, ga Legas, Ife da Inugu. Duk wadda ka zaɓa, ka tambaya: mako nawa ake yi a sashen ƙashi? Ɗalibai nawa ke kan majinyaci ɗaya? In mutum goma sha biyar ne a kan gado guda, kallo za ka yi. Ana shiga zagayen likitocin ƙashi? Ana koyon sassan jiki a kan gawa ko a zane kawai? Wanda bai ga yadda jijiyoyin gwiwa suka sarƙe da idonsa ba, zai sha wuya wajen gwada su a jikin mai rai.

Kar yawan injina ya ruɗe ka. Mutanenmu sun ɗauka gashi shi ne fitila mai zafi da injin jijjiga, alhali ƙashin bayan aikin shi ne bincike da atisaye. Ɗan ƙwallon da aka yi wa tiyatar jijiyar tsakiyar gwiwa, ACL, ana fara masa da miƙar da gwiwa sarai da tayar da naman cinya, a bi da ɗaga nauyi, gudu, tsalle, juyi. Yawanci sai wajen wata 9 ake maganar komawa fili, kuma sai ƙarfin ƙafar ya kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na ɗayar. A gaggauta, ta sake tsinkewa. Don haka ka leƙa ɗakin atisayen sashen: akwai nauyi, keke, sandunan koyon tafiya, ma'aunin lanƙwasar gaɓa? Akwai malamin da digirinsa na biyu ko na uku a wannan fanni yake, kuma har yanzu yana duba marasa lafiya?

Ɓangaren wasanni kuwa, kai za ka nemo shi. Tun aji huɗu ka riƙa bin malami zuwa bakin fili lokacin wasannin jami'a ko na NUGA, wato gasar jami'o'in Najeriya, ka koyi naɗe idon sawu da gane buguwar kai. FIFA ta taɓa buɗe kwas ɗin lafiyar 'yan ƙwallo kyauta a intanet, ka duba ko yana nan. Lokacin hutu ka nemi izini a rubuce ka riƙa zuwa sashen gashi na asibitin koyarwa na Shika. Horon shekara ɗayan nan ma ka nemi inda masu karaya suka yi yawa, ka fara nema da wuri domin gurbin yana wuya.

A JAMB: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Kiredit biyar a waɗannan haɗe da Lissafi. Ka duba makin da sashen ya yanke bara kafin ka cike, kwas ne mai cunkoso. Allah ya ba da sa'a, ƙanena.