Zan je Firag: wane kiɗan goge na mutum huɗu zan fara saurara?

Malam, ka ce aiki zai kai ka Firag, babban birnin ƙasar Czech, kana son halartar wasan makaɗa huɗu amma ba ka san ta inda za ka fara ba.

Kayan kiɗan duka dangin goge ne: ƙanana biyu, matsakaici ɗaya, sai babba mai kaurin murya. Babu ganga, babu mawaƙi.

Fara da Dvořák, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Czech, musamman kiɗansa da ake kira "na Amurka", da ya rubuta a 1893 a ƙauyen Spillville na jihar Iowa a Amurka. Yana da sauƙin shiga kunne. Ni dai na Smetana, shi ma mai tsara kiɗa ɗan Czech, na 1876 ya fi taɓa ni. Ya riga ya kurumce lokacin da ya rubuta shi, kuma kusa da ƙarshe goge ɗaya yana riƙe wata siririyar ƙara mai tsawo, irin wadda ta riƙa damun kunnensa. Janáček kuwa, wani mai tsara kiɗa ɗan Czech, bar shi sai kunnenka ya saba.

Duba jadawalin zauren kiɗa na Rudolfinum da ke Firag tun kafin ka tashi. Kada ka ruɗu da masu raba takardun talla a bakin majami'u, yawanci guntu-guntun kiɗa ne don 'yan yawon buɗe ido. Kuma kada ka tafa a tsakanin sassan kiɗan, jira sai makaɗan sun miƙe. Batun kujera, tambayi masu sayar da tikiti a zauren, sun fi kowa sanin inda sauti ya fi fita.