Haya ko saye? Ga mai zirga-zirgar Garwa da Marwa

Malam, ka ce kana fatauci tsakanin Garwa da Marwa a arewacin Kamaru, kana tambaya ko ka ɗauki mota haya ta shekara biyu ko ka saya. Ka saya, ko da ta hannu ce, in dai Toyota ce mai lafiyar inji da cikakkun takardun duwan, wato kwastan. Kayan gyaranta ba sa wuya, kowane makanike ya san ta.

Ni dai na ga yadda hayar ke ƙarewa. Galibi akan ƙayyade maka kilomita a yarjejeniya, ga shi tafiyarka ta haura kilomita 200, ban da dawowa. Ranar mayarwa kuma a zagaye motar, a lissafa maka tsagewar gilashi da duk ƙafar da ramuka suka ci. Amma in kwangilar 'yan watanni ce kawai, kamar kakar auduga, to nan haya ta fi, kada ka binne jarinka.